Yawon yini ɗaya daga Marseille zuwa Cassis da Le Castellet: iska ta cinye rabin kuɗin

Abu uku tikitin ya yi alkawari: jirgin ruwa cikin lungunan tekun Cassis, hawa titin Route des Crêtes, sai ƙauyen Le Castellet da ke kan tudu. Ɗaya kaɗai aka cika. Iskar mistral ta tashi tun asuba, kuma kamfanin ya sani sarai kafin motar ta bar Marseille, amma ya yi gum sai da aka isa Cassis.

Sararin sama ne ke yaudarar baƙo. Mistral daga arewa take busowa, ta share gajimare tas, rana ta fito, ka ɗauka yau ce ranar yawo. A teku kuwa ƙananan jirage ba sa fita. Shi ma Route des Crêtes, da ya bi saman dutsen Cap Canaille mai tsayin mita 394, hukuma na rufe shi idan iska ta yi ƙarfi. Wannan ba laifin kowa ba ne. Abin haushin shi ne madadin da aka kawo: ɗanɗanon giya a wata gonar inabi. Wanda ba ya sha sai ya zauna awa guda yana kallon kofuna. Kuɗin jirgin kuma, wai an rubuta can ƙasan takarda cewa ba a mayarwa.

Gaskiya Le Castellet ya wanke rai. Tsohuwar ganuwa, lunguna masu shimfiɗar dutse, gonakin inabin yankin Bandol shimfiɗe a ƙasa, direban ma mutumin kirki ne, bai gaggauta kowa ba. Har na fara cewa tafiyar ba ta ɓaci ba. To amma awa ɗaya ta isa a zagaye ƙauyen nan kaf, kuma ba don shi aka biya wannan kuɗin ba.

Cassis ba ta buƙatar kamfani. Jirgin ƙasa na TER daga tashar Saint-Charles ta Marseille kusan minti 25 ne. Tashar Cassis tana da nisan kusan kilomita 3 daga bakin ruwa, motar da ke haɗa su ba ta yawan zuwa, a duba lokacinta tukuna. Tikitin jirgin ruwa a rumfar bakin ruwan ake sayensa, a ranar, bayan ka ga jirage suna fita da idonka. Zagayen lunguna uku, Port-Miou, Port-Pin da En-Vau, kusan awa guda ne, kuma kallo ne kawai, ba a sauke kowa.

Mai son taɓa ruwa sai ya taka. Daga gari zuwa Port-Miou kusan rabin awa, zuwa Port-Pin wani rabin. Ƙafafun mutane sun goge duwatsun har suna santsi, silifas ba zai yi ba. Babu shago a hanya, a riƙe ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi, abincin halal kuma a saye shi tun daga kasuwar Noailles a Marseille. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Satumba ana iya hana shiga dajin da lungunan suke ciki saboda haɗarin gobara, kuma tun yammacin jajibiri hukuma ke sanarwa.

Sanarwar iskar da kowa ke gani a wayarsa, ita ce kamfanin ya ce bai gani ba. Tauraro biyu, duka na direba ne.