Sharhi kan GCC 13: ya iya aiki, amma tsofaffin laburare sun ji jiki

Ina kula da wata 'yar manhaja da masu sayen shanshera ke amfani da ita a Argungu da Birnin Kebbi. Tana karanta nauyin buhu daga sikeli, ta lissafa kuɗi, ta buga rasit. Da C da C++ aka rubuta ta, kuma shekaru tana zaune lafiya a Ubuntu 20.04 (wani nau'in babbar manhajar kwamfuta ta Linux) mai GCC 9. GCC kwampaila ce, wato manhajar da ke harhaɗa kod ɗin da aka rubuta ya zama manhajar da kwamfuta za ta iya gudanarwa. Da wa'adin tallafin 20.04 na yau da kullum ya ƙare a 2025, sai na koma 24.04, wanda ke zuwa da GCC 13. Tsallake siga huɗu ke nan a lokaci guda.

Gaskiya kwampailar kanta ba ta da laifi. Saƙonnin kuskurenta sun fi na da fayyace abu, tana nuna layin da matsalar take, wani lokaci har ta faɗa maka fayil ɗin da ya kamata ka shigo da shi. Inda aka sha wuya shi ne laburaren da manhajar ta dogara a kansu, wato kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta da take aro.

Na farkon da ya tsaya shi ne wani tsohon laburaren C mai magana da firinta. Sai "multiple definition" ya cika allo. Dalili kuwa, tun GCC 10 na 2020 aka mayar da -fno-common tsarin asali. A da, idan aka bayyana suna ɗaya a fayiloli daban-daban ba tare da extern ba (kalmar da ke nuna cewa a wani fayil ainihin abin yake), kwampaila na haɗe su ta yi shiru. Yanzu ta daina rufa wannan asiri. Za ka iya saka -fcommon, mai dawo da tsohon halin, ka wuce, amma gyaran gaske shi ne extern, kuma bai ɗauki lokaci ba. Haka kukan cewa ba ta san uint32_t ba, wani nau'in lamba: GCC 13 ya rage fayilolin da ke janyo juna a ɓoye, layi ɗaya na shigo da fayil ɗin cstdint ya kashe maganar.

Wanda ya hana ni barci shi ne laburaren sikeli. Kamfanin da ya sayar da sikelin bai ba da kod ba, fayil ɗin .so (laburaren da aka riga aka harhaɗa) ne kawai da .h (mai jera ayyukan da ke cikinsa). A cikin .h ɗin sun yi amfani da tsohon salon throw mai jera irin kurakuran da aiki zai iya jefowa, salon da C++17, sigar C++ ta 2017, ya soke. GCC 11 kuma ya mayar da C++17 tsarin asali. Na tura musu saƙo, har yau shiru kake ji. Dole na ware ɓangaren sikelin shi kaɗai ina harhaɗa shi da -std=gnu++14, wato da dokokin tsohuwar siga ta C++14, sauran manhajar kuma da sabon tsari. Yana aiki, amma ɗinki ne a tsohuwar riga.

Akwai kuma abin da ba zai bayyana a kwamfutarka ba sai ka kai wa mai kaya. Kwamfutar wani Alhaji a wurin awo tana kan 20.04 har yanzu. Ana buɗe manhajar sai ga "GLIBC_2.34 not found". glibc shi ne babban laburaren C na tsarin: Ubuntu 24.04 na da glibc 2.39, tasa kuwa 2.31 ce. Abin da aka harhaɗa a tsohon tsari yakan gudana a sabo, amma na sabo ba ya komawa baya. Ga motoci a layi, manoma na jiran kuɗinsu, ya ce mini, "Malam, ni dai rasit nake so ya fito." Na mayar masa da tsohuwar nan take.

Yanzu ina harhaɗa ta masu kaya a cikin Docker, manhajar da ke gudanar da kwafin wani tsari (ana kiransa hoto) a cikin kwamfutarka, da hoton 20.04, ni kuma ina rubutu da gwaji a GCC 13. Sauke hotunan na cin data, kuma idan wuta ta ɗauke ana tsaka da saukewa abin da ciwo, shi ya sa na ajiye kwafi a filash.

Ga mai fara sabon aiki, ko wanda kod ɗin duk laburarensa ke hannunsa, GCC 13 ya cancanta. Mai dogaro da rufaffen laburaren wani kamfani kuwa ya gwada a wata kwamfuta tukuna. Na fara leƙa GCC 14 na 2024 ma, inda kiran aikin da ba a bayyana ba a C ya tashi daga gargaɗi ya koma kuskure, kuma laburaren firintar nan na da irinsu.