Aikin Farko a Harkar Ɗaukar Ma'aikata: Wace Ƙofa Za Ka Shiga?

Ka gama jami'a, ka ajiye kakin bautar ƙasa, sai ga tallan aiki iri-iri duk da sunan ɗaukar ma'aikata. A takarda kamar abu ɗaya ne, amma mutum biyu da suka fara rana ɗaya, ɗaya a kamfanin dillancin ma'aikata, ɗaya a ofishin kula da ma'aikata na wata masana'anta, bayan shekara guda za ka same su da sana'a biyu daban.

Mu fara da kamfanin dillanci, don nan ne sabbin shiga da yawa suke faɗawa. Sunansa ya faɗi aikinsa: kai dillali ne tsakanin mai neman ma'aikaci da mai neman aiki, kuma la'ada ce take riƙe kamfanin. Mai ɗaukar aikin ne yake biya, galibi wani kaso na albashin shekarar farko na wanda aka samo masa, kai kuma a yanka maka naka daga ciki bayan ɗan albashinka na wata. Manyan kamfanonin wannan harka sun fi yawa a Legas da Abuja. Jobberman, wadda ɗaliban Jami'ar Obafemi Awolowo uku suka kafa a 2009, ita ce sunan da aka fi sani, amma akwai ƙanana birjik.

Ga yadda mako yake tafiya. Ranar Laraba wata masana'anta a Sharaɗa ta bugo, tana son mai kula da sito kafin Litinin. Ka zube takardun neman aiki tamanin, ka tace goma sha biyu, ka kira su har kunnenka ya yi zafi, ka tura uku intabiyu. An zaɓi ɗaya, ya yi godiya har da addu'a ga iyayenka. Litinin ƙarfe takwas manaja ya kira ka: mutumin bai zo ba. Ka buga wayarsa, a kashe. La'adar da ka riga ka kashe a zuciyarka ta bi ruwa. Ko da ya zo, yawancin yarjejeniyoyi suna da wa'adin da in ya gudu a cikinsa, sai kun kawo wani kyauta ko kun mayar da kuɗi. Wannan wahalar ce take koya maka karanta mutum ta murya, da tambayar da ke fito da gaskiyar albashin da yake so, da yadda ake faɗa wa babban mutum cewa kuɗin da ya ware ba zai samo masa wanda yake nema ba. A ganina babu inda ake koyon waɗannan da sauri kamar nan. Sai dai a kullum akwai adadin da aka ɗora maka, kuma wanda ba ya jure jin "a'a" sau talatin a yini zai gaji kafin wata shida.

Ofishin kula da ma'aikata na cikin kamfani ya fi kwanciyar hankali. Albashi tsayayye, babu la'ada, kuma wanda ka ɗauka za ka riƙa haɗuwa da shi a masallacin ma'aikata, ka ga ko zaɓinka ya yi kyau. Za ka san lissafin albashi, hutu, fansho, da ladabtarwa. Illarsa ga sabon shiga ita ce ana iya barin ka shekara biyu kana jera fayil da rubuta takardar hutu, ba ka taɓa zama a intabiyu ba. Akwai kuma abin da ba a rubutawa a tallan aiki: a garinku kake, don haka kawu zai turo ɗansa, maƙwabci zai tare ka bayan sallar asuba da ambulan a hannu. In ba ka iya cewa "Baba, ba a hannuna yake ba" cikin ladabi, za ka sha wuya.

Kamfanonin da ke ba bankuna da kamfanonin waya hayar ma'aikatan kwantiragi suna tsakiya. Ana ɗaukar mutane da yawa lokaci guda, ka ƙware a tsari da manhajar tace masu nema, amma aikin maimaici ne, kuma korafin ma'aikatan da ba a tabbatar da su ba a kanka yake sauka.

Ƙungiyoyin agaji, musamman a Maiduguri, Yola da Damaturu, suna biya da kyau kuma suna bin ƙa'ida sau da ƙafa: kwamitin intabiyu, maki a rubuce, binciken tarihin mutum. Matsalar ita ce aikinka yana rataye da kuɗin masu ba da tallafi. Da Amurka ta dakatar da tallafin USAID, hukumarta ta ba ƙasashen waje agaji, a farkon 2025, kwantiragi da yawa sun yanke ba shiri.

In ni ne, kamfanin dillanci mai shugaba nagari zan zaɓa, in yi shekara biyu, sannan in koma cikin kamfani da ƙwarewata. Amma kalmar "nagari" ita ce gaba ɗayan maganar, kuma ana gane ta da tambaya tun a intabiyu. Nawa ne tsayayyen albashi ban da la'ada? Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun Yulin 2024, don haka wanda ya ce la'ada zalla zai ba mai digiri, ka yi masa sallama. Yaushe la'adar take shiga hannu, ranar da mutum ya fara aiki ko sai mai ɗaukar ya biya? Tsakanin biyun ana iya yin watanni. Ana zuba fansho? Dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani ya sa kashi 10 cikin 100 na albashinka, a cire maka kashi 8. Kuɗin kati da data fa, daga aljihun wa? Kada ka raina wannan, da waya ake aikin nan.

Sai babbar tambaya: suna da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya? Kuma wa yake biyansu? Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 181, ta 1997, ta hana karɓar kuɗi daga mai neman aiki. Ofishin da ake sayar wa matasa fom, ko ake karɓar fasfon mata da alkawarin aikatau a Saudiyya ba tare da takardu bayyanannu ba, kada ka zauna ko da kujerar ta zinariya ce. Ranar da NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, ta zo, lambar wayarka ce a hannun iyayen yarinyar.

Batun satifiket kuwa, na CIPM, cibiyar ƙwararrun kula da ma'aikata da aka kafa a 1968 kuma doka ta amince da ita a 1992, shi ne kamfanonin Najeriya suka fi tambaya. Ba sai kana da shi za ka fara ba, amma ka tambaya ko za su taimaka da kuɗin jarrabawar. Kafin ka sa hannu kuma, ka nemi a haɗa ka da wanda ya riƙe kujerar kafin kai, ko aƙalla a faɗa maka wata nawa ya yi a kanta da inda ya koma.