GARGAƊI: Dirhami 9,500 na biya, roba aka aiko mini da sunan Drotops

Jama'a, yau kwana tara ke nan ina riƙe da maganar nan a cikina, ba na iya barci sosai. Wani mai sayar da burbushin halittu a kudu maso gabashin Maroko ya karɓi dirhami 9,500 a hannuna, ya aiko mini da narkakkiyar roba da aka zuba a mazubi, aka shafa mata baƙin fenti, aka manna ta a kan dutse. Dirhami 9,500. Ya rantse mini cewa Drotops armatus ne na gaske, wato wani nau'in tirilobayit. Ba zan rubuta sunansa a nan ba, amma hirarmu duk tana wayata, da takardun tura kuɗin guda biyu, kuma zan ɗora hotunansu da zarar na gama rufe lambobin da ke jiki.

Kafin wani ya ce ban san abin da nake saya ba, ku tsaya ku ji. Ilimin duwatsu nake koyarwa. Tirilobayit ba baƙon abu ba ne a wurina. Na san halittun ruwa ne masu ɓawo da suka bayyana kimanin shekaru miliyan 521 da suka wuce, suka ƙare ƙurmus kimanin shekaru miliyan 252 da suka wuce, kuma an bayyana nau'insu fiye da 20,000. A cikinsu duka, dangin da na fi ƙauna, wanda na fi karantawa, shi ne Phacopidae. Hawle da Corda ne suka raɗa wa dangin suna a 1847, yana cikin rukunin Phacopida, ya fara daga ƙarshen zamanin Odobishiyan, ya bunƙasa a zamanin Deboniyan, ya ƙare tare da ƙarewar zamanin, kimanin shekaru miliyan 359 da suka wuce. Gaɓoɓin ƙirjinsu 11 ne. Ko cikin barci aka tashe ni zan faɗa muku wannan. Kuma da wannan sanin nawa mutumin nan ya kama ni.

Bara ne na je Maroko, muka bi hanyar Erfoud zuwa Alnif. Na shiga shagonsa, akwai wani tire cike da ƙananan tirilobayit da suka dunƙule kamar bushiya. Na ɗauki ɗaya na ce, "Phacops." Ya girgiza kai a hankali ya ce, "Ustaz, wannan Reedops ne. Dubi goshinsa yadda ya turo gaba." Jinsi biyu ne daban a cikin dangin nan na Phacopidae. Na duba, wallahi gaskiyarsa. Ya miƙo mini gilashin ƙara girma da hannunsa, ya ce in ƙirga layukan idon. Na ƙirga. Na biya dirhami 150, kuma wannan ƙaramin na gaske ne, yana kan teburina yanzu haka, na gwada shi ta kowace hanya.

"Ustaz, dubi goshinsa." Maganar nan ita ke ta dawo mini dare da rana. Ku gaya mini, wane ne zai ji ɗan kasuwa ya gyara masa sunan jinsi, ya gyara daidai, ya ba shi gilashi da kansa, sannan ya zarge shi da damfara? Mutumin da ya bambance Reedops da Phacops ta siffar goshi? Yawancin masu sayarwa duk abin da ya dunƙule Phacops suke ce masa. Shi kuwa ya san an daɗe da rarraba tsohon jinsin Phacops, ya san sunan Austerops, ya san na Amurka da ake kira Phacops rana an mayar da shi Eldredgeops rana. Har sunan Struve ya ambata, Wolfgang Struve na gidan tarihin Senckenberg da ke Frankfurt, wanda ya raɗa sunan Drotops a 1990, ya bayyana armatus a 1995. A nan na sakankance. Na ce wannan masani ne da ya zama ɗan kasuwa. Na karɓi lambarsa.

Dirhami 150 ya sayar mini da gaskiya don ya ci 9,500 da ƙarya.

Kuɗin kashi biyu na tura, 4,000 da farko, sannan 5,500. A'a, bari in koma baya, kafin nan sai da ya turo bidiyon. Watanni bayan na dawo, ya aiko saƙo ta WhatsApp cewa an haƙo wani Drotops armatus daga Jebel Mrakib, a yankin Maider, an yi makonni ana gyara shi, kuma ni ya fara tunawa. Wanda bai san Drotops ba, shi ne ƙaton dangin nan, yakan cika tafin hannu har ya wuce, daga tsakiyar zamanin Deboniyan, wato tsakanin shekaru miliyan 393 zuwa 383 da suka wuce. Shi armatus jikinsa duk ƙayoyi ne a tsaye, daga kai har wutsiya. Na daɗe ina burin in samu ɗaya in riƙa nuna wa ɗalibai, su taɓa da hannunsu maimakon hoton littafi. Ya sani, don ni na gaya masa a shagon. Ya ce 12,000. Muka yi ta ciniki kwana uku har ya sauko 9,500, yana cewa saboda ni malami ne. Ban ma sa kuɗin aike a lissafin ba.

Bidiyon da yamma aka ɗauke shi, daga sama, ana juya dutsen a hannu. Na tsayar da shi na ƙirga gaɓoɓin ƙirji, 11 cif. Ƙayoyin suna inda ya kamata. To dole su kasance daidai mana, tunda daga jikin na gaske aka ɗauki zubin! Wannan ban yi tunaninsa ba a lokacin. Kuma kada wani ya ce ban nemi hoton ido ba. Na nema. Yana nan a rubuce, zan nuna muku. Ya ce kyamarar wayarsa ba ta ɗaukar abu na kusa, ya ce kuma akwai wani Bature da ke jira, in ban sa kafin alƙalami ba zuwa gobe zai ba shi. Sau ɗaya na nema. Da na nace sau biyu, da yanzu 9,500 ɗina suna hannuna. Amma wanda ya ba ni gilashi ya ce in ƙirga ido da kaina, ta yaya zan zaci shi ne zai ɓoye mini ido?

Ku fahimci dalilin da ya sa maganar ido ta fi ci mini rai. Duk darajar wannan dangi a idonsa take. Yawancin tirilobayit idonsu ƙananan ƙwayoyi ne masu ɗimbin yawa a manne da juna, fata ɗaya ta lulluɓe su. Su kuwa Phacopidae da 'yan uwansu na ƙaramin rukunin Phacopina, ƙwayoyin idonsu manya ne, kowace a ware da bangonta da murfinta, a jere layi-layi, ana ganinsu ko ba gilashi. Na ma'adinin kalsayit ne, shi ya sa suka wanzu a cikin dutse har yau. A 1975 Euan Clarkson da Riccardo Levi-Setti suka nuna cewa siffar ƙwayoyin ta yi kama da zanen gilasan da Descartes da Huygens suka yi a ƙarni na 17. Niles Eldredge kuma layukan idon Phacops rana ya zauna ya ƙirga a duwatsun Amurka, ya ga masu layi 18 da masu layi 17, kuma wannan aiki na cikin hujjojin da shi da Stephen Jay Gould suka kafa ra'ayinsu a kai a 1972, na cewa nau'in halitta yakan daɗe bai sauya ba, sannan sauyi ya zo cikin ɗan gajeren lokaci. Wato da ido ake rarrabe su, da ido ake gane su. Kowace shekara sai na faɗa wa ɗalibai haka. Sai ga shi na tura dirhami 9,500 a kan abin da ban ga idonsa ba.

Ranar da kwalin ya iso, tun kafin in gama warware audugar gabana ya faɗi. Jikin ba shi da sanyin dutse. Na sa gilashi a kan idon, sai na ga wani dunƙule sumul, da 'yan ɗigo-ɗigo da aka tsaga da tsinke ba tsari. A gefen kai da tsakanin gaɓoɓi ga ƙananan ramuka zagayayyu, irin waɗanda kumfar iska ke bari idan roba ta daskare. Na juya dutsen ina neman tsaga. Mai haƙa ba ya ganin tirilobayit a kwance a fili, fasa dutse yake da guduma har ya hango siririn baƙin layin ɓawo a bakin fashin, sannan a manne dutsen a fara sassaƙewa daga sama. Saboda haka yawancin na gaske za ka ga layin tsaga ya ratsa dutsen ya ratsa dabbar. Wannan babu ko ɗaya. Sai wani zobe na manne mai launin toka da ya zagaye shi, an yi masa zane-zanen ƙarya don ya saje da dutsen.

Ban yarda ba duk da haka, sai da na jiƙa auduga da asiton, sinadarin da ke cire fenti, na goga a wutsiya. Audugar ta yi baƙi, ƙasan ya fito fari-fari. Na haska fitilar nan da ake duba jabun kuɗi da ita, dabbar ta yi haske daban, dutsen daban. Daga ƙarshe na ɗora allura a wuta na taɓa ƙaya ɗaya. Ta nutse. Warin ƙonanniyar roba ya cika ɗakin. Na zauna a ƙasa na daɗe ban tashi ba.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin gwajin allurar na rubuta masa. Ko bayan asiton ne, oho, lokacin yana jikin hoton hirar. Na ce idon babu ƙwayoyi. Kun san amsar da ya ba ni? Ya ce, "Ustaz, ai ka sani a dangin nan akwai makafi." Wannan ta fi kuɗin ƙona mini rai. Na'am, akwai makafi. Trimerocephalus makaho ne, amma na ƙarshen Deboniyan ne, lokacin da wasu 'yan dangin suka rage ido wasu suka rasa shi gaba ɗaya, kafin dangin ya shuɗe a bar rukunin Proetida kaɗai su kai zamanin Famiyan, zamanin ƙarshe na tirilobayit. Ina ruwan Drotops da makanta? Drotops manyan idanu gare shi, cike da ƙwayoyi. Ya sani sarai. Ya ɗauko gaskiyar ilimi ya rufe ƙaryarsa da ita, kamar yadda ya yi ranar farko da goshin Reedops. Da na tura masa hoton ramin allurar, ya ce ni na lalata kayan, ba zai karɓa ba. Washegari ya toshe ni.

Shekaranjiya kuma na ga hoton wani a intanet, wani mai sayarwa daban, sak nawa. Ƙaya ta uku a hagu ta lanƙwasa daidai inda tawa ta lanƙwasa. Dabbobi biyu da suka mutu a ƙarƙashin teku shekaru miliyan ɗaruruwa ba za su lanƙwasa ƙaya a wuri ɗaya ba. Mazubi ɗaya ne. Allah kaɗai Ya san mutum nawa aka yi wa haka. Wannan hoton ma zan haɗa shi da nawa ku gani.

Kuma kada a ɗauka Maroko nake zagi. Na ga masu haƙa da idona a kan tsaunukan yankin Alnif, cikin rana, da diga da guduma, na ga masu gyara da ke shafe makonni suna fito da ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan macucin su ma yake cuta, don ni yanzu ko na gaske aka nuna mini sai na yi shakka.

In za ku saya, ku nemi hoton ido na kusa da hoton tsagar dutsen. In ya ce kyamara ba kyau, ku bar shi. In ya ce wani na jira, ku bar wa wanin. Kada ku tura duka kuɗin kafin ku gani, kuma kada ƙaramin abu na gaske da ya taɓa sayar muku ya zama shaida a kan babba.

4,000 da 5,500. Na sake duba takardun yanzu. Ƙaramin Reedops ɗin na dirhami 150 yana gefen robar a kan teburi, idonsa layi-layi, ina iya ƙirga su daga inda nake zaune. Hotunan suna zuwa anjima da daddare in sha Allah, har da saƙon da ya ce mini kyamararsa ba ta ɗaukar abu na kusa.