GRACE ko ICESat-2 don furojet na narkewar ƙanƙara

Ƙanwata, tunda yawan ƙanƙarar da Girinlan da Antaktika ke asara kike son nunawa, ki ɗauki GRACE kawai.

Taurarin ɗan'adam ne guda biyu, ɗaya na bin ɗaya, tsakaninsu kusan kilomita 220. Idan na gaban ya zo saman wuri mai nauyi, sai ƙasa ta fizge shi ya ɗan ƙara gudu, tazarar ta canza. Da wannan canjin ake gane nauyin abin da ke ƙasa, wata bayan wata. NASA da Jamusawa suka harba su a 2002, suka yi aiki har 2017, sannan magajinsu GRACE-FO ya karɓa a 2018.

Ni ma da GRACE na yi nawa furojet ɗin. A wani shagon cajin waya a Kawo na sauke fayil ɗin Girinlan, bai ci data ta a zo a gani ba, na zuba shi a Excel. Layin nauyin ƙanƙarar ya ɗan hau da sanyi, ya rufto lokacin zafinsu, amma kowace shekara sai ya sauka ƙasa da inda ya tsaya bara. Malamina ya jima yana kallo kafin ya ce in buga masa. Tsakanin 2002 da 2023, Girinlan ta yi asarar kusan tan biliyan 270 a shekara, Antaktika kusan 150, kuma duk tan biliyan 360 na ɗaga teku da milimita ɗaya.

GRACE yana da nasa aibin. Ba ya tantance wurin da faɗinsa bai kai kilomita 300 ba. Ƙasar da ke ƙarƙashin ƙanƙarar ma tana tasowa a hankali, dole a cire nauyinta, don haka ki nemi fayil ɗin da aka riga aka gyara. Akwai giɓin kusan shekara tsakanin 2017 da 2018. Ki bar shi a giɓinsa.

ICESat-2 kuwa, wani tauraron ɗan'adam na NASA, to, ba laifi. Tudun ƙanƙara yake aunawa da hasken leza, kamar mai auna tsayin buhu bai san auduga ce a ciki ko masara ba. Sai kin sake lissafi kafin ki samu nauyi, ga fayilolin da cin data.

Sannan ki yi hattara da masu yawo da filashi a bakin makaranta, wai suna sayar da “datar NASA”. Kyauta ce, rajistar Earthdata, shafin data na NASA, kawai za ki yi da imel ɗinki. Duk wanda ya ce ki turo kuɗi, ki ce ya ba ki adireshin shafin da ya samo.