Mai keken Bauchi Road: hannu da kyau, alƙawari sai a hankali

Tun kullen korona na 2020 ofishinmu ya ce kowa ya yi aiki daga gida, kuma har yau ba a ce mu dawo ba. Ashe da can motsa jiki nake yi ban sani ba. In taka daga Angwan Rogo zuwa bakin titi, in sauka a Terminus, in ƙarasa ofis da ƙafa, da yamma in biya ta kasuwa. Yanzu tafiyata daga katifa ce zuwa tebur, sai masallacin layinmu. Ranar da wandon ɗinkin Sallah ya ƙi shiga, uwargida ta kalli tumbina ta ce, "Malam, wata nawa ne?"

Shi ne na je wurin wani dattijo mai gyara da sayar da kekunan gwanjo a Bauchi Road. Phoenix mai kariya na so, irin na mahaifina. Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, wannan na Kano ne, inda ƙasa ta kwanta. A Jos mai giya ake hawa." Gaskiyarsa, don haka mai giyar na ɗauka. Garin da ke kan tsauni, sama da mita 1,200, duk inda ka gangara da daɗi sai ka biya bashin a hanyar dawowa.

Aikinsa abin kallo ne. Ya kifa keken a kan sirdi, ya juya feda da hannu, ya kara kunne kusa da sarƙa kamar likita. Boris ɗin ya wanke su ɗaya bayan ɗaya da kananzir a gwangwanin madara, sannan ya shafa giris. Giyar ba ta taɓa tsallake mini ba, ko a hawan hanyar Lamingo.

Amma fa kada ka riƙe "gobe bayan la'asar" ɗinsa. Tawa goben kwana biyar ta yi. Sannan tub ɗin da ya bar mini a tayar baya faci uku ne a jikinsa, ya kuwa sace a Farin Gada, ina ɗauke da tumatir da kabeji. Ya canja kyauta, sai dai laifin a kan titi ya ɗora shi. Rasit babu, hular kwano ma ba ya sayarwa.

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, cefane duk a kan keken nake yi. Fita bayan asuba kuwa sai ranar da na ci ƙarfin zuciyata, don mai aiki daga gida ba wanda ke jiransa a ko'ina. Da hunturu yatsu kan ƙage sai da safar hannu. A ruwan Agusta ya yi sati uku a zaure, har yara suka fara shanya safarsu ta makaranta a kansa.