Shekara Guda da Ƙaramin Kayan Bes: Sharhi kan Little Mark III da Traveler 102P

Na daɗe ina kaɗa jitar bes a wuraren biki da liyafa a Kaduna da Zariya da garuruwan da ke kewaye da su, kuma a mafi yawan wannan lokaci akwatin da nake aiki da shi wani kafinta ne ya haɗa shi da katako mai kauri, aka ɗaura masa lasifika guda mai inci 18, wanda sai ƙarti biyu suke iya cicciɓarsa. Masu keke napep kan ƙi ɗaukarmu idan suka hango shi, waɗanda suka yarda kuma sai sun ƙara kuɗi, sannan idan zauren bikin a saman bene yake, kafin a kai shi dandamali hannuwana sun riga sun mutu, alhali da su zan yi aikin sa'o'i huɗu ko biyar. Ciwon baya ne ya tilasta mini neman wani abu ƙarami, kuma bayan dogon bincike da tara kuɗi na sayi amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ƙirar Markbass Little Mark III tare da akwatin lasifika Traveler 102P, dukansu na hannu amma masu lafiya. Yanzu na shekara ina aiki da su kusan kowane ƙarshen mako, shi ya sa nake ganin na isa in faɗi abin da na gani.

Markbass kamfani ne na ƙasar Italiya wanda Marco De Virgiliis ya kafa a 2001, kuma ya yi suna ne wajen rage nauyin kayan bes. Amfilifayar ba ta kai kilo 3 ba, tana shiga jakar goyo tare da wayoyinta, amma tana ba da wat 500 idan an haɗa ta da lasifika mai om 4, ko wat 300 a kan om 8 (om shi ne ma'aunin tirjiyar da lasifika take yi wa wuta). Akwatin kuwa yana ɗauke da lasifika biyu masu inci 10, da wata ƙarama ta siririn sauti, yana jure wat 400, nauyinsa kuma kusan kilo 15 ne, domin maganaɗisun da ke cikinsa na niyodimiyom ne, wanda ɗan kaɗan daga cikinsa yake yin aikin babban dunƙulen da ke bayan tsofaffin lasifiku. Domin a gane girman wannan sauyi, amfilifayar Ampeg SVT da ta fito a 1969, wadda har yau ake ganin girmanta a duniyar bes, wat 300 take bayarwa amma nauyinta wajen kilo 40 ne, ban da nauyin akwatinta mai lasifika takwas. Ni yanzu jita a kafaɗa, jaka a baya, akwati a hannun dama, haka nake shiga zaure ni kaɗai.

Abu na farko da na duba kafin in biya kuɗi shi ne rubutun da ke bayan amfilifayar kusa da inda wayar wuta take shiga. Ana saita waɗannan na'urori ne tun daga masana'anta bisa wutar ƙasar da za a sayar da su, wadda aka yi domin Amurka tana cin bolt 120 ne, mu kuwa tamu 230 ce, saboda haka duk mai sayen kayan da aka shigo da su na hannu ya karanta wannan rubutu da idonsa, kada ya dogara da maganar baki.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne batun om, kuma ina ganin nan ne masu saye da yawa suke yin asara. Ana ƙera wannan akwati iri biyu, mai om 4 da mai om 8, kuma da farko zuciyata ta karkata ga mai om 4, domin shi ne zai ja dukan wat 500 daga amfilifayar. Wani dattijo mai gyaran kayan sauti, wanda muke kira Baba, shi ya dakatar da ni. Ya ɗauki biro ya zana mini lissafin a bayan wani kwali, ya ce, “Ɗana, wannan na'ura ba ta yarda a sauka ƙasa da om 4. Idan ka sayi mai 4 ka rufe wa kanka ƙofa, domin ranar da ka ƙara masa ɗan'uwa za su zama om 2, ita kuma ba za ta ɗauka ba.” Ya nuna mini cewa akwati biyu masu om 8 idan aka haɗa su a wannan amfilifaya suna komawa om 4 daidai, mai 8 da mai 4 kuwa suna ba da wajen 2.7, wanda shi ma ya gaza ƙa'ida. Na bi shawararsa na ɗauki mai om 8, kuma ban taɓa yin da-na-sani ba.

Dalilin da ya sa rashin wat 200 ɗin nan bai dame ni ba shi ne kunne ba ya jin ƙarfi yadda lambobi suke nunawa. Ninka wat sau biyu yana ƙara desibel 3 ne kawai a ma'aunin ƙarfin sauti, tazarar da ke tsakanin 300 da 500 kuwa ta ɗan haura desibel 2, abin da ake iya ji amma ba zai ceci mutum a gaban ganguna ba. Abin da yake kawo bambanci na gaske shi ne yawan iskar da lasifiku suke turawa, wato faɗin fuskarsu da nisan da suke iya motsawa. Akwai wata ƙa'ida da masu ƙera lasifika suke dangantawa da Josef Anton Hofmann, wadda take cewa a cikin abubuwa uku, wato ƙanƙantar akwati, da zurfin sauti, da yawan ƙara daga wuta kaɗan, biyu kawai mutum zai iya samu a lokaci ɗaya. Wanda ya zaɓi ƙaramin akwati ya riga ya amince da barin wani abu, kuma gara ya san hakan tun a shago. Tsirkiya mafi kauri a jita mai tsirkiya huɗu tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, ta biyar a jita mai biyar kuma sau 31, sai dai kunne yana gane waɗannan muryoyi ne galibi daga amon da ke samansu, shi ya sa lasifika mai inci 10 take iya fitar da su sarai ko da ba ta girgiza ƙirji kamar tsohon akwatina ba.

Ban fahimci wannan sosai ba sai a bikin farko da na je da sababbin kayan, inda kuskuren duka nawa ne. A ɗaki ni kaɗai na saba da murɗa maɓallin VPF, wanda yake rage tsakiyar sauti a wajen hez 380, wato kaɗawa sau 380 a daƙiƙa, yana ɗaga ƙasan sautin da samansa, kuma na ƙara masa da maɓallin ƙasa mai aiki a hez 40, sautin ya fito da kauri da santsi har na ji daɗinsa. Da muka hau dandamali, mai piyano ya danna hannun hagunsa, mai ganga ya shigo, mai kalangu ya matse hammata ya fara zuba kirari, sai na neme ni na rasa. Ina ganin fuskokin lasifikun nan masu launin rawaya suna kai da komo kamar za su fito daga ragar, amma ba na jin wace murya nake kaɗawa. A lokacin da aka dakata domin jawabin waliyyin ango na mayar da VPF sifili, na maida ƙasa tsakiya, na ɗan ɗaga maɓallin hez 360 da na 800, kuma da muka koma kiɗa sai ga jitar ta fito fili ba tare da na taɓa maɓallin ƙara ba. Tun daga ranar nake fara kowane aiki da dukan maɓallan sauti a tsakiya, VPF da VLE kuma a rufe.

VLE ɗin, wanda yake yanke siririn sauti domin ya kwaikwayi tsofaffin lasifiku, shi ne maɓallin da na fi ƙauna a wannan na'ura. Idan muna kiɗa mai sanyi lokacin shigowar amarya, ko waƙar da kalangu yake jan ragama, ɗan murɗa shi kaɗan yana kawar da ƙarar yatsa a kan tsirkiya, ya bar wa kalangu da muryar mawaƙi sararinsu, ni kuma in zauna a ƙarƙashinsu. Wajen saita ƙarfi kuwa, nakan kaɗa da ƙarfin da zan yi a tsakiyar biki, in ɗaga maɓallin da aka rubuta Gain a kansa har ƙaramar fitilar gargaɗi ta fara ƙyaftawa, in ɗan koma baya, sannan in yi amfani da Master wajen yawan ƙara.

Wurin ajiye akwatin ya zama mini darasi na biyu. Ramin da iska take fita a wannan akwati a bayansa yake, saboda haka ba na manna shi da bango, nakan bar tazarar kamu biyu ko fiye. Kusantar bango tana ƙara kaurin sauti, kusurwar ɗaki kuma ta fi ƙarawa, wanda a ƙaramin wuri taimako ne, amma a zaurukan nan namu masu tayil da gilashi da rufin kwano yakan koma rugugi marar kai da gindi. Na kuma daina kwantar da shi, ina tsayar da shi ne lasifika ɗaya a saman ɗaya, domin hakan yana baza sautin hagu da dama yadda ya kamata, kuma ta sama tana ɗan kusantar kunnena. Idan dandamalin na katako ne mai rami a ƙarƙashi, wanda yake amsawa kamar ganga, nakan ɗora akwatin a kan kujera mai ƙarfi in ɗan karkata shi sama, nan take rugugin yake raguwa kuma mai ganga ma yakan ce ya fi jina.

A manyan zauruka ba na tsammanin wannan akwati ya cika ɗakin, aikinsa shi ne ni da abokan kiɗana mu ji abin da nake yi. Jama'a suna ji ne daga manyan lasifikun wurin, ta hanyar mafitar XLR da ke bayan amfilifayar, wadda ake ja da wayar makirufo zuwa miksa. Tana da maɓallin ƙarfinta daban, da wani makunni da ke zaɓar ko a aika sautin kafin gyarana ko bayansa. Ni nakan aika wa injiniyan sauti na kafin gyara, domin abin da ya dace da kunnena a kan dandamali ba lallai ne ya dace da tsakiyar zaure ba. Akwai kuma makunnin raba layin ƙasa na wuta, wato at, wanda ya sha cetona daga gurnanin da yake tasowa idan miksa da amfilifaya suna shan wuta daga soket daban-daban. Ina jan hankalin 'yan'uwa makaɗa da kada su karya ƙafar ƙasa ta fulogi domin kashe wannan gurnani, domin tsirkiyar jita ƙarfe ce kuma tana haɗe da jikin na'urar, wannan ƙafa ita ce take tsakanin mutum da jan wuta.

Iyakar kayan ta bayyana mini a wani biki da aka yi a filin makaranta, ƙarƙashin rumfuna, inda babu bango ko ɗaya da zai maido da sauti, kuma lasifikun masu taron ƙanana ne da ba su ɗaukar bes. Na ɗaga ƙara har na fara jin lasifikun suna tari a kan tsirkiya mai kauri, sai na rage maɓallin ƙasa na haƙura, domin na san gaba da nan ƙona koyil ne, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin lasifika. Ban ɗora wa akwatin laifi ba, aikin da ya fi ƙarfin lasifika biyu masu inci 10 na ba shi. A biki na gaba irin wannan na aro akwati mai om 8 daga wani aboki na ɗora a kan nawa, amfilifayar ta saki wat 500 ɗinta, fuskar lasifika ta ninka, bambancin kuma ya wuce duk abin da wani maɓalli zai iya bayarwa. A ranar na ƙara gode wa Baba a zuciyata.

Sauran abubuwan kula ƙanana ne amma suna da muhimmanci a yanayinmu. Ba na haɗa amfilifaya da akwati da wayar jita, domin siririya ce kuma ba a yi ta don ɗaukar irin wannan wuta ba, ina amfani da waya mai kauri mai kan Speakon wanda yake kullewa idan an murɗa shi, ba ya zarewa ko da masu liƙi sun taka. Ina tafiya da ƙaramar sitabilaiza, kuma duk lokacin da za a sauya daga wutar gari zuwa janareto nakan kashe na'urar tukuna, sai injin ya daidaita in kunna. Da hunturu ya shigo na kai akwatin wurin mai ɗinkin tamfol ya yi masa riga, amfilifayar kuma nakan goge ƙurar da ke bakin fankarta da busasshen buroshi bayan kowane aiki, sannan ba na ɗora komai a inda zai toshe mata iska.

Mai kaɗawa a zauruka da ɗakunan taro da wuraren da ke da manyan lasifiku masu kyau zai sami biyan buƙata da akwati ɗaya, wanda yawancin aikinsa a fili yake kuwa ya shirya sayen biyu tun farko. Ni aikina ya kasu tsakanin nan da can, saboda haka na fara ajiye wani abu daga kuɗin kowane biki domin in sayi Traveler na biyu mai om 8, kuma na riga na auna bayan keke na tabbatar cewa dukansu biyu za su shiga tare da jitar.