Na bar Windows na koma iMac: abin da za ka duba kafin ka sayi kwamfutar da komai nata ke cikin allo

Sana'ata tsara takardu ce: katin ɗaurin aure, kalanda, bangon littafi, takardar shaidar sauka ta makarantun Islamiyya. Sama da shekara goma a kan Windows nake wannan aiki, kuma ban taɓa sa wa raina zan bar shi ba. Yau wata huɗu ke nan da na ɗora iMac mai inci 24 a teburina. Tunda abokan sana'a sun dame ni da tambayar wace za su saya cikin irin kwamfutocin nan da inji da allo da lasifika duk suke haɗe a jiki ɗaya, bari in faɗi abin da na gani, in kuma faɗa tun yanzu cewa ina da wadda zuciyata ta fi kwanciya da ita.

Sai na fara da abin da ya kore ni, don da shi nake auna komai yanzu. Kwamfutar da nake da ita kafin wannan, a wani shago na saye ta, cikin kwali, da leda a fuskarta. Mai shagon ya ce mini, "Alhaji, sabuwa ce fil, ga Windows 11 ma a kanta." Na ga Windows 11 da idona, na biya. Ba a yi wata biyu ba ta fara jan ƙafa, in buɗe CorelDRAW, manhajar da nake zane da ita, in je in yi alwala in dawo tana nan tana juyi. Da wani ƙanena mai gyara ya buɗe bayanta, sai ga ƙura ta shekaru, ga tsohon faifai mai juyawa a inda aka ce mini SSD ne, wato ma'adana mai sauri da ba ta juyawa, furosesar kuma, wato ƙwaƙwalwar injin, ta Intel ce zubi na bakwai, wadda Windows 11 ba ta karɓa sai an yi mata dabara. Tsohuwar kwamfutar ofis ce aka wanke aka sa wa leda. Da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, sai na rasa tudun dafawa: gaba babu tabbas, baya an rufe ƙofa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake, shi ya sa za ka ga na fi damuwa da shekarun inji da irin ma'adanarsa fiye da komai.

Waɗanda na duba kafin in yanke shawara ba su da yawa. HP All-in-One mai inci 24 ko 27 tana ko'ina, kayan gyaranta ba sa wahalar samu, amma yawancin waɗanda ake kawowa allonsu 1920 da 1080 ne, ga mai aikin launi kuwa wannan bai isa ba. Lenovo IdeaCentre kusan jirgi ɗaya ne ya ɗauko su. Dell Inspiron 24 tana da abu guda da na yaba: akwai masu ƙofar HDMI ta shiga, wato ko injin ya tsufa allon zai yi maka aikin talabijin ko na wata kwamfutar. Surface Studio 2+ kuwa, mai inci 28, dala 4,499 aka sa mata, furosesarta ta zubi na 11 ce, kuma an daina ƙera ta a ƙarshen 2024, don haka ban ɓata lokaci a kanta ba. In aikinka rubuta wasiƙa ne da lissafin Excel da cike fom a intanet, kowacce cikin ukun farko za ta yi maka, muddin sabuwa ce da gaske.

Ita kuwa iMac ɗin da na saya ita ce mai furosesar M4, wadda Apple ya fitar a Nuwamba 2024. Allon ne ya fara kama ni. Ɗigonsa 4480 da 2520 ne, wato kimanin miliyan 11.3, alhali na 1920 da 1080 bai wuce miliyan biyu da 'yan kai ba. Ninki biyar da wani abu ke nan a faɗi kusan ɗaya. A aikace ga ma'anarsa: idan ina tsara takarda mai rubutun Larabci da wasulla, ina ganin fataha da kisira da sukun tsaf ba tare da na riƙa zuƙo shafin ba. Ja ba ya zama ruwan lemo, ruwan zuma ba ya komawa ruwan ƙasa. A da sai na buga gwaji biyu ko uku kafin launin kati ya yi kama da abin da amarya ta zaɓa, yanzu galibi sau ɗaya ya wadatar, kuma duk mai sana'ar nan ya san kuɗin tawada da takarda mai sheƙi ba wasa ba ne.

Kaurinta milimita 11.5 ne, nauyinta bai kai kilo biyar ba, da hannu ɗaya nake matsar da ita in zan share tebur. Ba ta da ƙara. Na sha buɗe hotuna masu nauyi, ga burauza da shafuka barkatai, ga karatu yana tashi a lasifika, ban ji fanka tana huci ba ko da rana tsaka. Lasifikokinta shida ne a ciki, sautin ya cika ɗan ofishina har na ba yarona tsohuwar sifikar da nake jonawa. Kyamarar gabanta mai megafiksil 12 tana bin fuskarka in ka motsa, abin da na ga amfaninsa da nake nuna wa wani kwastoma samfuri ta bidiyo. Sai babban abin da ya kwantar mini da hankali: a wannan zubin mafi ƙarancin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da inji ke aiki da ita, gigabait 16 ne, kuma babu iMac ta zamanin M, wato mai furosesar Apple irin M4, da ke zuwa da faifai mai juyawa. Duk SSD ne. Babu wanda zai buɗe bayanta ya cire mai kyau ya sa mini mushe, don a manne suke a cikin injin.

Wannan mannewar dai kaifi biyu gare ta. Abin da ka saya da shi za ka zauna har ƙarshe, babu ƙarin RAM, babu ƙarin ma'adana daga baya. Da suka fito a 2024, ƙaramar ta fara daga dala 1,299, da ƙofofin jona na'urori na Thunderbolt biyu kacal da ma'adana mai gigabait 256. Ta sama da ita, mai dala 1,499, tana da ƙofofi huɗu, da ramin wayar intanet a jikin akwatin cajarta, da madannai mai karanta yatsa. Ni ta biyun na ɗauka, kuma ita nake ba kowa shawara, domin firinta da faifan ajiya na waje kaɗai sun cinye ƙofa biyu. Babu ƙofar USB irin ta da mai faɗi, babu ramin katin kyamara, don haka ka sa kuɗin ƙaramin mahaɗi a lissafinka tun farko. Ƙafarta ba ta tashi sama ko ƙasa, sunkuyawa kawai take yi. Linzaminta kuma ta ƙarƙashi ake cajinsa, ba ya aiki yana caji. Ba ta karɓar hoto daga wata na'ura, a nan Dell ta fi ta. Duk na san da waɗannan kafin in biya, kuma allon ya rinjaye su a wurina.

Sauya tsarin aiki shi ne abin da mutane suka fi tsoro. Mako biyun farko hannuna yana ta neman Ctrl, alhali a nan Command ne ke kwafa da liƙawa. Jan maɓallin da ke kusurwar hagu taga kawai yake rufewa, manhajar tana nan a buɗe sai ka danna Command da Q. Faifaina na waje da ke kan tsarin NTFS ta karanta shi amma ta ƙi rubutu a kai, sai da na kwashe kayan na mayar da shi exFAT, wanda Mac da Windows duk suke ganewa. Wannan na da muhimmanci a wurinmu, don kullum kwastoma da filashinsa yake zuwa. CorelDRAW yana da na Mac tun 2019, Word da Excel da PowerPoint duk akwai, amma Publisher da Access babu su, kuma Boot Camp da ake sa Windows da shi a tsofaffin Mac ba ya aiki a kan furosesar M, sai dai manhaja irin Parallels da ke buɗe Windows a cikin Mac, ita kuma ta kuɗi ce. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, gaskiya Windows ta fi sauƙi, don tana da madannan Hausa a cikinta. A Mac na sa manhajar madannai ta Keyman, kyauta ce, tun daga nan ban sake samun matsala ba. Ka duba kuma ko firintarka tana da direban Mac, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfutar, kafin ka motsa, musamman manyan injinan yanka sitika.

Kada ka manta irin wannan kwamfuta ba ta da batir. NEPA na ɗaukewa ta mutu, aikin da ba ka adana ba ya tafi. Kuma tunda allo da inji jiki ɗaya ne, wutar da ta ƙona ɗaya ta raba ka da duka biyun. Akwatin cajar iMac wat 143 aka rubuta masa, a aikin yau da kullum ba ta jan ko kusa da haka, don haka ƙaramar inbata ko sola na ɗaukarta. Amma ko janareto gare ka, ka sa UPS, akwatin batir mai riƙe wuta in an ɗauke, a tsakani.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, don nan kuɗin mutane ke salwanta. Kasuwa ta cika da tsofaffin iMac masu furosesar Intel, ana goge su ana cewa "Apple ce ai, ba ta tsufa." Tana tsufa. Ƙananan masu inci 21.5 har zuwa 2020 ana sayar da wasunsu da faifai mai juyawa, irin wanda ya wahalar da ni. Mai inci 27 an daina yin ta a Maris 2022. Kuma Apple ya riga ya sanar cewa macOS Tahoe, tsarin aikin Mac da ya fito a 2025, ita ce ta ƙarshe da za ta hau Mac mai Intel. Gane su ba wuya: tsohuwar bakin allonta baƙi ne, da tambarin tuffa a haɓarta, ta zamanin M bakinta fari ne, haɓarta babu tambari. Cikin sababbin ma akwai tarko, domin M1 ta 2021 da M3 ta 2023 da M4 kamarsu ɗaya sak a ido, ga shi ƙananan M1 da M3 da gigabait 8 suka zo. Ka danna tuffar da ke kusurwar sama, ka shiga About This Mac, ka karanta sunan furosesa da yawan RAM da kanka. Lambar siriyal da ke wurin ka gwada ta da wadda ke ƙarƙashin ƙafar kwamfutar da ta jikin kwali, sannan ka shigar da ita a checkcoverage.apple.com. In an ce sabuwa ce amma garantin shekara ɗayanta ya ƙare ko ya yi nisa, ka mayar da kuɗinka aljihu.

Mafi muni shi ne kulle. Mac ta hannu tana iya zuwa ɗaure da asusun iCloud, wato asusun Apple, na mai ita na farko, abin da ake kira Activation Lock, ko kuma tana ƙarƙashin ikon wani kamfani ko makaranta a Amurka ko Ingila. Irin wannan tana aiki lafiya lau a shago, sai ranar da ka goge ta ta jonu da intanet, ta tsaya a shafin Remote Management ko ta nemi kalmar sirrin mutumin da ba ka taɓa gani ba. Masu cewa za su "buɗe" maka galibi ɓoye kullen suke yi, yana dawowa. Maganinsa ɗaya ne: a gaban mai shago, a jona ta da intanet, a yi Erase All Content and Settings, wato a goge komai, ka kafa ta daga farko da asusunka. In ya ce, "Oga, lokaci zai tafi," ka ce kana da lokaci. In ya ƙi, ka tashi. Ba a cinikin biri a sama.

Masu tsayawa a Windows, naku tarkon ya ma fi yawa, don tsofaffin Dell OptiPlex da HP EliteOne da Lenovo ThinkCentre da ofisoshin Turai suka sallama suna shigowa kwantena-kwantena. Injina ne masu ƙwari, ba laifi ba ne a saye su a matsayin na hannu da kuɗin na hannu, laifin shi ne a sayar maka da su da sunan sababbi. Ganin Windows 11 a fuska ba shaida ba ce, ni ne shaida. Windows 11 tana buƙatar na'urar tsaro ta TPM 2.0 da furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, ko Ryzen 2000 ta kamfanin AMD zuwa sama. Lambar da ke bin i5 ko i7 ita ke faɗin zubi: i5-7500 na bakwai ne, i5-8500 na takwas. Kada "Core i7" kawai ta ruɗe ka, akwai i7 da ta haura shekara goma. Sunan furosesar da ke fitowa a shafin About ana iya sauya shi da hannu, don haka ka sake kunna kwamfutar ka shiga BIOS, shafin saitin inji da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka karanta a can, ka kuma tabbatar ba a sa wa BIOS ɗin kalmar sirri ba. A Task Manager, ƙarƙashin Performance, za ta rubuta maka SSD ko HDD, wato faifai mai juyawa, ƙarara. Ka tafi da CrystalDiskInfo a filashinka, zai nuna maka awowin da faifan ya yi yana aiki. Sabuwar kwamfuta ba ta zuwa da dubban awowi. Ka buɗe farin shafi ya cika allo, sannan baƙi, ka nemi tabo ko layi ko hasken da ke tsiyaya ta gefe, domin a irin wannan kwamfuta canjin allo kusan kuɗin wata ne. Rasit kuma a rubuta lambar siriyal da sunan furosesa da girman ma'adana a kansa, da sa hannun mai shago, da kwanakin da ya yarda za ka iya dawo da ita.

Wanda kuɗinsa bai kai iMac ba amma yana son macOS, Mac mini mai M4 ta fito a kan dala 599, ita ma da gigabait 16, sai ya haɗa ta da allon da yake da shi. Ƙanena mai gyara ita ya so in saya, hujjarsa in allo ya lalace sai a canza shi kaɗai, kuma hujja ce mai ƙarfi. Ni dai da na lissafa kuɗin allo mai kaifin na iMac, da kyamara da lasifika da madannai, sai na ga ratar ta tsuke, na ɗauki shuɗiyar mai ƙofa huɗu. Ranar da na je ɗaukarta tare muka tafi da shi, a gabanmu aka yage hatimin kwalin, kuma sai da shafin Apple ya nuna siriyal ɗin ya dace sannan na tura kuɗin.